Tsohon tikitin mota a Amurka: yadda za ka gano ko akwai waranti a kanka, ka warware shi, ka wanke sunanka

Tambayar nan tana yawan dawo mini, kowa da irin tasa. Wani daga Bronx ya nemi aikin kai kaya, kamfani ya yi gum da shi har mako uku. Wani daga Houston an ba shi tikitin laifin hanya shekara biyu da suka wuce, ya cusa shi a akwatin gaban mota, motar ma tuni aka sayar. Wata baiwar Allah daga Atlanta tana shirin Umra, amma tana fargabar a tare ta a filin jirgi ranar dawowa. Dukkansu abu guda suke son sani: shin akwai waranti, wato takardar kamu, a kaina, in kuma akwai, ta ina zan fara?

Kafin mu shiga matakan, ka riƙe wannan. Sunanka yana cikin littafi uku, kowanne da mai riƙe da shi: littafin kotu, littafin hukumar lasisi da a yawancin jihohi ake kira DMV, da kuma rahoton kamfanonin da ke binciken tarihin mai neman aiki ko gidan haya, abin da 'yan'uwa a can ke cewa bakgiraun cek. Biyan kuɗi a ɗaya ba ya share sauran biyun. Dole a bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma jerin yana da muhimmanci. Dokar hanya a Amurka ta jiha ce, don haka zan riƙa kawo misali daga Niyok, Teksas, Jojiya da Kalifoniya, kai kuma ka auna da taka jihar.

1. Tantance irin tikitin da aka ba ka

Ba duk tikiti ne ɗaya ba, kuma irinsa ne ke nuna maka girman matsalar.

Akwai na fakin da na kyamara. Waɗannan motar suke bi, wato wanda sunansa ke kan rajista, ko da ba shi ke tuƙi ba. A birnin Niyok sashen kuɗi na birni ne ke kula da su, ba sa ƙara makin laifi a lasisi, kuma ba sa jawo waranti. Amma suna haihuwa. Tikitin fakin da ya wuce kwana 30 ana ɗora masa dala 10, bayan kwana 60 a ƙara 20, bayan kwana 90 a ƙara 30, wajen kwana 100 kuma ya zama hukuncin bashi mai ruwa kashi 9 cikin ɗari a shekara. Idan bashin da ya zama hukunci ya haura dala 350, za ka iya fitowa da asuba ka tarar an ɗaure tayar motar da ƙarfe, ko janwe ya riga ya tafi da ita.

Akwai na saɓa ƙa'ida yayin tuƙi, wanda ɗan sanda ya tsayar da kai ya miƙa maka hannu da hannu: gudun wuce ƙa'ida, keta jar danja, riƙe waya. Wannan direba yake bi, yana da maki, kuma yana da ranar da za ka amsa.

Sai na uku, wanda laifi ne sosai: tuƙi cikin maye, tuƙin ganganci, tuƙi da lasisin da aka dakatar, guduwa bayan hatsari. Wannan kotun laifuka ce, kuma rashin halarta yana jawo waranti kusan a ko'ina.

Gargaɗi: kada ka ɗauki ƙa'idar birnin Niyok ka tafi da ita wata jiha. A cikin birnin, ofishin TVB na hukumar DMV ne ke sauraren tikitin tuƙi na yau da kullum. Kwana 15 ake ba ka ka amsa. In ka yi shiru za su dakatar da lasisinka su yanke hukunci a bayan idonka, amma ba sa aiko 'yan sanda. A Teksas kuwa tikitin gudu ƙaramin laifi ne a doka, sa hannun da ka yi a bakin titi alkawarin zuwa kotu ne, kuma saɓa alkawarin wani laifi ne na daban da ke kawo waranti. A Jojiya ma haka, laifin hanya ƙaramin laifi ne. A Niyu Jazi, tsallaken kogi kawai daga Niyok, tikitin fakin da suka taru ma na iya sa kotun gari ta bayar da waranti.

Idan takardar ta ɓace, ka zauna ka tuna gari ko titin da aka tsayar da kai, da watan, da irin kayan da jami'in ya sa: ɗan sandan gari ne, na sherif ɗin gunduma ne, ko na babbar hanya. Wannan ne zai kai ka ga kotun da ke riƙe da fayil ɗin.

2. Fara da lasisinka

Mutane da yawa suna farawa da kotu, ni kuwa nakan ce a fara da DMV, saboda nan ne mafi sauƙi, babu haɗari, kuma takardarsu takan nuna maka sunan kotun da ta kai ƙararka. Ka shiga shafin hukumar na jiharka ka nemi tarihin tuƙinka. A Niyok dala 7 ne ta intanet, dala 10 a ofis. A Teksas hukumar DPS ce ke riƙe da lasisi. Ka duba matsayin lasisin, yawan maki, da duk inda aka rubuta haruffan FTA, wato ba ka halarci kotu ba.

Ka nemi na kowace jiha da ka taɓa riƙe lasisinta ko aka taɓa ba ka tikiti a cikinta. Yawancin jihohi suna musayar bayani, kuma akwai rumbun ƙasa na direbobin da aka dakatar wanda kowace DMV ke dubawa kafin ta ba da sabon lasisi. Wanda ya bar tikiti a Ohayo ya koma Niyok bai tsere masa ba, ranar sabunta lasisi zai tarar da shi yana jira.

Gargaɗi: in ka ga an dakatar da lasisin, ka ajiye makulli daga wannan lokacin. Na san wannan magana tana da nauyi ga wanda mota ce gonarsa. Amma a Niyok tuƙi da lasisin da ka san an dakatar laifi ne da ke kai ga tarar dala 200 zuwa 500, ko ɗaurin da zai iya kai kwana 30, ko duka biyun, kuma ana iya sa wa mutum ankwa a bakin titi. Tikitin da ba shi da waranti a jiya, ta wannan ƙofar yake zama shari'ar laifi da hoton yatsu. Cewa wasiƙar ba ta iske ka ba kuwa ba kasafai take fid da mutum ba, tunda adireshin da ka ba su suka aika wa. Dokar Niyok ta ce ka sanar da DMV cikin kwana 10 in ka sauya gida, ta Teksas kwana 30. Mu da muke yawan ƙaura daga ɗakin wannan ɗan'uwa zuwa na wancan, a nan aka fi kama mu.

3. Binciko warantin ba tare da ka kai kanka ba

Hanya uku ce, ka bi su a jere. Ta farko, shafin intanet na kotun ko na ofishin sherif na gundumar. Da yawa suna da wurin da za ka sa suna da ranar haihuwa. Ta biyu, ka kira akawun kotu a waya, ka ba shi suna, ranar haihuwa da lambar tikiti ko ta lasisi. Ka tambaye shi lambar shari'ar, ko akwai waranti, wane iri ne, nawa ne kuɗin beli, nawa ne jimillar bashi, da kuma ko kotun tana da ranar da mutum zai zo da ƙafarsa a saurare shi. Ka rubuta sunan wanda ka yi magana da shi da ranar. Akawu ba ya kama mutum ta waya. Ta uku, ka sa lauya ya duba maka, wanda shi ne ya fi dacewa in tikitin na rukuni na uku ne.

Waranti iri biyu ne a wannan harka. Akwai wanda alƙali ke bayarwa don ba ka zo ba, shari'ar tana nan a buɗe, kana da damar kare kanka. Akwai kuma wanda ake bayarwa bayan an riga an yanke hukunci ka kasa biya, wanda a Teksas ake kira kafiyas. Maganinsu ba ɗaya ba ne, shi ya sa za ka tambaya.

Gargaɗi uku a nan. Kada ka shiga ofishin 'yan sanda ka ce a duba maka. In sun gani, aikinsu ne su riƙe ka. Kada ka dogara da shafukan da ke karɓar kuɗi su ce za su binciko maka waranti a faɗin ƙasa. Rumbun NCIC na hukumar FBI jami'an tsaro kaɗai ke shiga, abin da waɗancan ke sayarwa tsofaffin tarkace ne, kuma rashin ganin sunanka a can ba shaida ba ce. Na uku, saƙon tes ko kiran waya da ke cewa ka biya tikiti yau ko a kama ka gobe, aikin 'yan damfara ne. Babu kotun da ke karɓar tara ta katin kyauta, ko Zelle, ko kirifto. Kada ka taɓa mahaɗar da ke cikin saƙon, ka nemo lambar kotun da kanka.

Kuma waranti ba ya tsufa. Shekara goma ba ta kashe shi.

4. Kada ka biya tukuna

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi tsada. Mutum ya ji akwai waranti, hankalinsa ya tashi, ya ranci kuɗi a adashi ya biya ta intanet cikin dare. Abin da bai sani ba shi ne biyan tarar tikitin tuƙi amsa laifi ne. Da ka danna, hukunci ya hau kanka, maki ya hau lasisi, kamfanin inshora zai gani, kuma komawa baya yana da wuya.

Ga wanda ke da tikiti ɗaya ƙarami, ba direban haya ba ne, takardunsa na zama kuma sun kammala, biya ka huta ba laifi ba ne. Amma ka tsaya ka ga lauya in kana cikin ɗayan waɗannan.

Idan tuƙi ne sana'arka. Uber, Lyft da kamfanonin kai kaya suna sake duba tarihin tuƙi lokaci-lokaci, hukumar TLC mai kula da direbobin haya a birnin Niyok ma tana da nata lissafin maki. A Niyok, maki 6 cikin wata 18 na jawo wani kuɗi na daban da DMV ke karɓa, dala 100 a shekara har shekara uku, da ƙarin dala 25 a shekara kan kowane maki da ya ɗoru. Wannan ba ya cikin tarar da ka biya, kuma rashin biyansa ma yana dakatar da lasisi.

Idan kana da lasisin manyan motoci na CDL. Dokar tarayya ta hana kotu ta ɓoye hukuncin mai irin wannan lasisi ta hanyar ajin tuƙi ko jinkirta hukunci, ko da a ƙaramar motarka aka ba ka tikitin, kuma dole ka sanar da wanda kake yi wa aiki cikin kwana 30 da yanke hukuncin.

Idan ba ka zama ɗan ƙasa ba, kuma tuhumar ta laifi ce. A nan lauya biyu kake bukata su ji labarin, na laifuka da na shige da fice, kafin ka amsa komai. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2010 a shari'ar Padilla, wajibi ne lauyan da ke kare ka ya gaya maka abin da amsa laifi zai yi wa zamanka a ƙasar. Ka tambaye shi kai tsaye, kada ka jira ya tuna.

Abin da lauya zai iya nema maka ya danganta da wuri. A kotunan ƙananan garuruwan jihar Niyok ana sasantawa da mai gabatar da ƙara a rage tuhumar zuwa wadda ba ta da maki, amma a TVB ta cikin birni babu ciniki, ko ka amsa ko a yi shari'a. A Teksas akwai ajin tuƙi da kuma jinkirta hukunci, inda ake korar ƙarar in ka cika sharuɗɗa. A Kalifoniya ajin tuƙi sau ɗaya cikin wata 18 yana ɓoye makin daga idon inshora. Kuɗin lauya a tikitin yau da kullum yakan tsaya a ɗaruruwan daloli. Ka nemi ya rubuta maka farashi guda, ya kuma bayyana ko ɗage waranti yana ciki. Inda ake fuskantar ɗauri, kotu na ba mara hali lauya kyauta. A birnin Niyok akwai Legal Aid Society da Bronx Defenders.

5. Ɗage warantin

Alƙali kaɗai ke ɗage waranti, akawu yana aiwatarwa ne. Hanyoyin su ne: lauya ya shigar da roƙon janye shi a sa sabuwar rana, sau da yawa ba tare da ka je ba in tikitin ƙarami ne, ko ka ajiye kuɗin beli a sa maka rana, ko ka je da kanka ranar da kotun ta ware. A Teksas lauya na iya tsaya maka beli da sunansa, kuma tun gyaran dokar 2017 kotu tana janye warantin irin waɗannan tikiti in mutum ya zo da ƙafarsa da niyyar warware lamarin kafin a kama shi. Kotuna da dama a can suna faɗi a fili cewa ba sa kama wanda ya zo da kansa. Ka tabbatar da wannan daga bakin akawu kafin ka tashi. Garuruwan Teksas da yawa kuma suna da al'adar farautar masu waranti a farkon shekara, wajen Fabrairu zuwa Maris, har gida da wurin aiki. Kada ka bari lokacin ya riske ka.

Gargaɗi: ka tambayi akawu ko kuɗin da za ka ajiye beli ne da ke sa a ba ka rana, ko kuwa tara ce da ke rufe shari'ar da amsa laifi. Adadin kan zo ɗaya, taga ɗaya ake biya, amma sakamakon ya yi hannun riga.

Idan kotun tana wata jiha mai nisa, ka fara tambaya ko ana iya yi ta bidiyo ko ta wasiƙa. In ba a yi, ɗaukar lauyan garin ya fi kuɗin jirgi araha.

6. Ranar kotu

Ka zaɓi safiyar Litinin ko Talata. Wanda aka riƙe da yammacin Juma'a yana iya kwana a ciki har Litinin don babu alƙalin da zai gan shi. Ka hau bas ko wani ya kai ka. Zuwa kotu da mota alhali lasisinka a dakace yake, tonon rami ne da hannunka. Ka tafi da katin shaida, tikitin in yana nan, takardar DMV, shaidar inshora da rajista, da duk abin da ke nuna dalilin rashin zuwanka: takardar asibiti, hatimin fasfo in ka yi tafiya gida, takardar haya mai nuna ranar da ka ƙaura. Ka shirya wanda zai ɗauko yara daga makaranta, ka kuma bar lambar shari'ar a hannun wani amintacce.

Ka nemi tafinta tun kafin ranar, kyauta ne a kotunan Niyok da wasu jihohi da yawa. Ka ce Hausa, in ba a samu ba ka ce Faransanci in ka fi jin sa. Kunyar a ce ba ka iya Turanci ba ta sa mutane da yawa sun gyaɗa kai ga abin da ba su fahimta ba. A gaban alƙali ka taƙaita: ba ka zo ba saboda kaza, ga shaida, kana roƙon a janye waranti. Kada ka shiga labarin yadda aka tsayar da kai sai an tambaye ka, domin duk abin da ka faɗa ana rubutawa.

Gargaɗi ga wanda takardunsa na zama ba su daidaita ba: kada ka je kafin ka ga lauyan shige da fice. Duk wanda aka kai gidan tsaro aka ɗauki hoton yatsunsa, bayanin yana wucewa ta FBI zuwa hukumomin shige da fice. Jihar Niyok tana da dokar 2020 da ta hana irin wannan kamu a kotunanta ba tare da umarnin alƙali ba, amma jihohi da yawa ba su da ita. Wannan ba dalilin ɓuya ba ne, domin a kama ka a titi da waranti ya fi muni. Dalili ne na a sa lauya ya shiga gaba.

7. Idan babu kuɗin

Ka faɗa wa alƙali a fili, da takardar albashi ko bayanin banki a hannu. Tun 1983 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a shari'ar Bearden cewa ba a ɗaure mutum don talauci ya hana shi biyan tara ba tare da an bincika halinsa ba. A Niyok, daga 2021 an daina dakatar da lasisi saboda rashin biyan tarar tikiti, kuma kana da haƙƙin biya kashi-kashi, dala 25 a wata ko kashi 2 cikin ɗari na abin da kake samu a wata, duk wanda ya fi yawa. Amma dakatarwa saboda rashin amsa tikiti tana nan daram. A Kalifoniya akwai shafin MyCitations na neman ragi, kuma kuɗin lattin da a da ya kai dala 300 an mayar da shi 100 a 2022. A Teksas alƙali na iya mayar da tarar aikin al'umma ko ya yafe wani ɓangare, amma in bashin ya wuce kwana 60 aka miƙa shi ga masu karɓo bashi, ana iya ɗora kashi 30 cikin ɗari.

Kada ka amince da adadin da ka san ba za ka iya ba don kawai ka fita daga ɗakin. Wata guda da ka tsallake na iya dawo da kai inda ka fara. In abu ya ci tura, ka koma kotun kafin ranar biya, ba bayanta ba.

8. Karɓi takarda, ka koma DMV

Kada ka bar harabar kotu da rasidi kaɗai. Ka nemi takardar da ke nuna an janye waranti, da takardar shaidar yadda shari'ar ta ƙare mai hatimin kotu. A kotun laifuka ta birnin Niyok dala 10 ce. Ka karɓi kwafi biyu, ka ɗauki hotonsu a waya, ka ajiye ɗaya a mota na 'yan makonni, saboda kwamfutar motar ɗan sanda takan yi jinkirin samun labari.

Daga nan sai DMV. Kotu za ta aika musu sanarwa, amma lasisi ba ya dawowa sai ka biya kuɗin buɗewa. A Niyok dala 70 ne kan kowane tikitin da ba a amsa ba. A garuruwan Teksas da ke cikin tsarin OmniBase, wanda ke hana sabunta lasisi, dala 10 ne kan kowace tuhuma, kuma kotun ce za ta cire kullen. In tikitin na wata jiha ne, sai ka bi duka biyun: wadda ta ba da tikitin ta sake ka, taka jihar ta buɗe. Kada ka kama sitiyari sai ka sake duba shafin DMV ka ga lasisin yana aiki da idonka.

Bari in ɗan ratse, tunda da yawanmu suna harkar tura motoci Kwatano, Lome ko Tema. A Niyok, in za ka rabu da mota, ka mayar da lambarta ga DMV kafin ka soke inshora, ka riƙe rasidin. Wanda ya juya jerin, za a dakatar da rajistarsa, in ya haura kwana 90 a haɗa da lasisi, alhali motar tana kan teku. Haka kuma motar da ke da sunanka amma tana hannun ɗan'uwa, duk tikitin kyamara da fakin naka ne.

9. Binciki kanka kafin kamfani ya bincike ka

Ka bari mako biyu zuwa huɗu su wuce, sannan ka sake neman tarihin tuƙi ka kuma duba shafin kotun. Abin da zai fito a binciken aiki ya danganta da abin da kamfanin ya saya. Tikitin saɓa ƙa'ida yawanci a tarihin tuƙi yake fitowa, wanda masu ɗaukar direba ke nema; a Niyok yakan zauna har ƙarshen shekarar hukuncin da ƙarin shekara uku. Tuhumar laifi, da waranti mai rai, da shari'ar da ba a rufe ba, suna iya fitowa a binciken kotunan gunduma. Shari'ar da ke buɗe ta fi tsorata mai ɗaukar aiki fiye da tsohuwar tara da aka biya.

Kana da haƙƙin neman fayil ɗinka kyauta sau ɗaya a shekara daga kamfanonin bincike irin su Checkr, HireRight da First Advantage. Kana kuma iya neman tarihinka na FBI ta hoton yatsu, dala 18 ban da kuɗin ɗaukar yatsun. Binciken ofishin kotunan jihar Niyok dala 95 ne, ba kowa ke bukatarsa ba.

A nan akwai matsalar da ta fi shafar mu. Yawancin binciken kamfanoni da suna da ranar haihuwa ake yi. Ka lissafa Muhammad Abubakar nawa ne a birni ɗaya, ga wanda fasfonsa ya ce Mahamadou, lasisinsa Mohamed, katin aikinsa Mohammed. Ga kuma tarin 'yan'uwa da ba a rubuta ranar haihuwarsu ba aka sa musu 1 ga Janairu. Suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, sai laifin wani ya faɗo cikin rahotonka. Maganinsa takardar FBI ta yatsu da wasiƙar akawun kotu mai cewa ba kai ba ne. Ka kuma riƙa rubuta sunanka iri ɗaya a ko'ina, harafi da harafi. Kuma don Allah a daina ba ɗan sanda sunan yaya ko ƙane, a daina aron lasisi da asusun manhajar aiki. Ba da sunan ƙarya laifi ne mai zaman kansa, warantin kuma kan bawan Allahn da bai san hawa ba bai san sauka ba yake sauka.

10. Idan rahoto ya hana ka aiki

Dokar tarayya ta FCRA ta ce kamfani ba zai sa a bincike ka ba sai da izininka a rubuce, kuma kafin ya hana ka aiki saboda rahoton, dole ya ba ka kwafinsa da takardar haƙƙoƙinka, ya ɗan dakata. Yawanci kwana biyar na aiki ake bayarwa. A birnin Niyok da Kalifoniya doka ce ta tanadi hakan in tarihin laifi ne dalili. Saƙon kan zo ta imel ya faɗa cikin tarkace, ka riƙa dubawa.

Ranar da ka gan shi ka yi abu biyu. Ka shigar da ƙorafi a rubuce wurin kamfanin binciken, ka nuna layin da ba daidai ba, ka haɗa takardar kotu. Kwana 30 doka ta ba su su bincika su gyara. Ka kuma aika wa mai ɗaukar aikin kwafin takardun da gajeren bayani, don ba zai jira kwana 30 ba. Kamun da bai kai ga hukunci ba bai kamata ya fito ba bayan shekara bakwai, sai in albashin aikin ya kai dala 75,000 a shekara. Hukunci kuwa dokar tarayya ba ta sa masa wa'adi ba, ko da yake wasu jihohi sun sa. In sun ƙi gyara kuskure, akwai hukumomin tarayya na CFPB da FTC masu kare haƙƙin jama'a daga kamfanoni, akwai kuma lauyoyin da ke ɗaukar irin wannan ƙara ba tare da ka biya a gaba ba.

A fom ɗin neman aiki ka amsa abin da aka tambaya kaɗai, amma ka amsa gaskiya. In an ce a cire ƙananan tikitin hanya, ka cire. In aikin tuƙi ne aka ce a lissafa duka, ka lissafa.

11. Takardun zama da tafiya

Fom ɗin N-400 na neman zama ɗan ƙasa yana tambaya ko an taɓa kama ka, tsare ka, ko ba ka sammaci, kuma tikitin tuƙi yana cikin wannan. Hukumar USCIS ba ta neman takardun tikitin da tararsa ba ta kai dala 500 ba, matuƙar babu maye, babu kamu, babu wanda ya ji mummunan rauni. Sauƙin takarda ne wannan, ba izinin ɓoyewa ba. Ka ambata, ka tafi da shaidar biya. Kada ka je ɗaukar yatsu ko ganawa da jami'i da waranti a kanka.

Ga mai shirin Hajji, Umra ko zuwa gida, jami'an kan iyaka suna duba rumbun masu waranti lokacin shigowa. Ba kowane warantin tikiti ake sakawa a rumbun ƙasa ba, amma kai ba ka da hanyar sanin ko naka yana ciki. Ka gama matakai na 5 zuwa 8 kafin ka yanki tikitin jirgi, ka sa takardar janye warantin mai hatimi a jakar hannu tare da fasfo. In kuma ranar kotu ta faɗo cikin kwanakin tafiyarka, ka rubuta wa kotun roƙon ɗage rana tun kana nan, ka haɗa kwafin tikitin jirgin, kuma kada ka tashi sai sabuwar ranar ta zo maka a rubuce.